Makullan Mutane a Ƙirjina

Litinin, 5 ga Mayu

Alhamdu lillahi, na gama gyaran rigunan makarantar nan da suka daɗe a kan keken ɗinki. Da la'asar Malamar sama ta sauko da makullinta, za ta tafi ƙaro karatu na wata guda. Ta ce, "Gwaggo, shukokina kawai, kar ki wahalar da kanki." Na ce to. Na zura shi a igiyar wuyana tare da na Direba da na Mai Kyanwa da na ɗakin ajiya.

Ni ce kullum a gida saboda ɗinki, shi ya sa duk mai tafiya a gidan hayar nan ni yake bar wa. A cikin riga nake saka su, kan ƙirji, nan ne hankalina ya fi kwanciya. Maigidana, Baban Auta, ya ce tun daga bakin ƙofa yake jin kacau-kacau, ya san gandiroba ta iso. Mutumin nan ba zai girma ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Abin nan ya sake zuwa. Ina zura zare a allura sai zuciyata ta hau fat-fat-fat, kamar an rufe kurciya a tukunya. Na ajiye, na sha ruwa, na yi salati har ya lafa. Ban gaya wa kowa ba.

Na ba shukokin Malama ruwa. Ta bakin tagar nan ta fi duka kyau, ganye shar, ko ɗaya bai faɗi ba. Da alama hannuna ya karɓe ta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Kyanwar ta ƙi cin abinci. Uwar ɗakinta na can tana jinyar ƙanwarta. Ko kewa ce?

Asabar, 10 ga Mayu

Ina cikin sallar la'asar sai tunani ya faɗo mini: na kulle ƙofar Malama kuwa? Daga nan lissafin raka'a ya ɓace mini, sai da na yi sujadar mantuwa. Kunya ta kama ni a gaban Ubangijina. Ina sallamewa na hau sama. A kulle take. Ina saukowa kuma sai famfon ɗakin Direba. Na koma.

A matakala ƙirjina ya ɗaure, kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Baban Auta ya tarar da ni dafe da bango. Na ce hawa bene ne. Bai yi dariya ba, shi da ko a gidan makoki sai an zungure shi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Auta ta kira. Ashe ubanta ya kai ƙarata. "Mama, jikanki ya fara rarrafe, ke sai dai a waya?" Na ce in Malama ta dawo zan zo. Ta ce in ta dawo ai wani zai tafi. Gaskiya ta faɗa, tun sunan yaron ban taka garinsu ba.

Ta ce jibi asibiti, ko ta goyo shi ta zo ta kai ni da kanta. Bakin ubanta ta ɗauko.

Talata, 13 ga Mayu

Mun je. Nas ta kwantar da ni za ta manna mini wayoyin na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. Ta ce in cire duk wani ƙarfe. Na ciro igiyar ta kaina, makullan suka zubo mata a hannu. Ta ce, "Kai, Mama, gidaje nawa gare ki? Ki ba ni ɗaya haya mana." Ta nuna mini inda suka yi mini shaida a fata, baƙi-baƙi. Ban taɓa lura ba.

Da na kwanta babu su, sai na ji wani iri. Kamar na fita ba mayafi. Amma numfashi na shiga har ƙasa.

Likitan yaro ne, sa'ar ɗana na fari, mai ladabi. Ya duba takardar da gwajin jini, ya ce bai ga ciwo a zuciyar ba, sai dai jinina ya ɗan hau. Ya tambayi barci, ya tambayi shayi. Sai ya ce, "Mama, me yake damun ki?" Na ce ba komai, alhamdu lillahi. Kuma iyakar gaskiyata ke nan. Ina da ci, ina da sha, 'ya'ya lafiya, miji sai surutu. Can daga kujera Baban Auta ya ce, "Likita, tambaye ta famfon wa take tunani yanzu."

Na ji kamar in nutse, don kuwa na Direba nake tunani.

Likita ya ce damuwa ba sai baƙin ciki ba. Wanda kullum hankalinsa a tsaye yake, jikinsa gudu yake yi ko yana zaune. In rage shayi mai kauri, in riƙa ɗan tattaki, in dawo a sake dubawa. In kuwa ciwon ya yi tsanani, ko ya sauka hannu, ko numfashi ya gagara, kada in tsaya shan ruwa da jira, a kawo ni nan take.

Kafin mu fita na mai da igiyata wuya. Nas ta kalle ni, ta kalli Baban Auta.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na rage shayin. Kaina ya yi ciwo jiya, yau da sauƙi.

Baban Auta ya ce in mayar wa kowa makullinsa. Na ce amana ce, ba a jefar da ita don ƙirji ya yi nauyi. Ya ce, "Duwatsu ma da aka miƙa musu cewa suka yi ba za su iya ba. Ke kin fi dutse ne?" Tun ina wanke allo na san wannan. Ban san yana ajiye da shi don ni ba. Na ce jikin nasa ma ya ji da shi. Ya ce jikina ma amana ne, wa na bar wa? Na tashi na ɗora tukunya.

Litinin, 19 ga Mayu

Direba ya dawo jiya, yau zai sake tafiya. Tun safe nake bitar yadda zan ce masa ya yi haƙuri. Ya miƙo makullin, na ce to. Allah ya shirye ni.

Alhamis, 22 ga Mayu

Mai Kyanwa ta dawo, ƙanwarta ta samu sauƙi. Muna zaune a bakin ƙofata tana taya ni warware kalmasa, na ba ta labarin asibiti. Sai ta ce, "Yaya, ke wa yake riƙe miki naki?" Na ce ai ba na zuwa ko'ina. Ta ce ta daɗe tana son ta ce in raba mata, ita ma tana gida tun rasuwar mijinta, amma ta ɗauka ban yarda da hannun kowa ba.

Maganar ta zauna mini. Ni da nake ganin hidima nake yi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ba a ba wani amanar mutum sai da izininsa, don haka na bi su ɗaya-ɗaya a waya. Direba ya ce ko wa na ba ya yarda. Malama ma haka. Na ce mata ta kwantar da hankali, shukokin lafiya, musamman ta bakin taga. Sai ta fashe da dariya har da tari. "Gwaggo, wannan ai ta roba ce!"

Baban Auta ya ji. Na shiga uku, har jikoki sai sun san wannan labari.

Laraba, 28 ga Mayu

Gidan Auta. Tare muka zo da ubanta, don haka ɗakinmu a kulle, makullin yana hannun Mai Kyanwa tare da na sauran. Da zan ba ta sai da na juya na sake cewa famfon kicin yana ɗiga. Ta ce, "Yaya, mota za ta tafi."

Yaron rarrafe yake kamar ana bin sa bashi. Ya hau cinyata, ya jawo igiyar wuyana, ya ga ba komai a jiki, ya sa a baki. Ban cire ta ba dai, sabo.

Na yi la'asar, raka'a huɗu cif. Kurciyar ba ta motsa ba tun da muka shiga mota. Wataƙila shayin ne.

Ɗazu famfon ya faɗo mini a rai, har na ɗauki waya. Na ajiye. Mai Kyanwa ta fi ni kusa da shi.