Gwadon da Bai Kai Nara Ba

Zuwa ga yayana Illa, a duk ƙasar da wannan takarda ta same ka.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga Karofane. Ina fatan kana lafiya, kai da likitan sojan da ka bi kana yi masa girki. Mu nan lafiya lau, sai tarin da Inna take yi da safe. Hatsi ya yi bana, tunkiyarka kuma ta haifi biyu.

Bayan haka, Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Inna ta sa an saƙa maka gwado, ta ba ni in aika maka, ban aika ba. Yana cikin tsohon rumbun Baba, a cikin randa. Na rufe bakin da faifai, na zuba toka kewaye saboda gara. Wata huɗu ke nan. Inna tana tsammani yana kan hanya.

Ba ka ma san da gwadon ba, bari in faro maka daga farko.

Hoton garin nan da ka aiko ya iso da damina, ranar da aka gama noman farko. Mata suka cika gidanmu, don ni kaɗai ce na yi lakwal, makarantar boko, a unguwar. Aka zaunar da ni tsakiyar tabarma. Ka san ni da mutane, muryata ƙanƙancewa take yi. Na juya bayan hoton na karanta abin da abokinka ya rubuta maka da Faransanci, ina mayarwa Hausa. Kun zo Nara, tsohon birnin sarakunan Japan. Barewa tana cin abinci a hannun mutum. Ɗari ya kusa fita amma sanyinsa yana shiga har ƙashi. Jibi za ku koma jirgin ruwa.

Wallahi na karanta maganar jirgin. Amma Inna ta riga ta miƙe tun wurin sanyi, ta shiga ɗaki tana neman mazarinta. Ba ta ji ba. Ni kuma ban maimaita ba. Na ce gobe zan faɗa mata, goben ta zo na ga ta fara gurza auduga, tana ƴar waƙa, abin da rabonta da shi tun tafiyarka.

Audugar da ta ajiye don ta yi wa kanta mayafi ce. Ta haɗa da ta Gwaggo, ta kaɗa abawa mai kauri har yatsunta suka tsage. Idan maƙwabta sun ce ta huta, sai ta ce, “Ku bar ni, yarona na can cikin ƙanƙara.” Masaƙin bakin kasuwa ya ce bai taɓa saƙa gwado mai nauyinsa ba. Ya ce wannan ko jaki sai ya yi nishi.

Da kaka na bi ƴan kasuwa zuwa Madawa, gwadon a kaina. A gidan waya na tsaya jikin ƙofa har rana ta yi tsaka kafin in iya magana. Komin, wato ma'aikacin wurin, mutumin kirki ne. Ya juya hoton gaba da baya, ya ce, “Yarinya, mutumin nan wucewa ya yi. Babu gida, babu sunan jirgi. Ina zan kai?” Na yi godiya, na ɗauko kayana. Da muka dawo gari na bi ta bayan danga, na hau rumbun, sannan na shiga gida hannu wofi. Inna ta dube ni ta ce, “An amsa?” Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka kunyata ce ta kullum.

Tun daga ranar, kowace la'asar idan muna tsince wake sai ta ce, “Tsahara, yau ina yak kai?” Ni kuma sai in tuna taswirar da ke bangon lakwal. Na sa gwadon a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Ƙwanni. Na kai shi Doso. Na kwanar da shi kwana uku a Kwatano yana jiran jirgi. Da ya shiga teku na samu sauƙi, don teku ba shi da sunayen garuruwa. Kullum sai in ce yana kan ruwa, ita kuma ta ce Allah Ya tsare shi daga jiƙewa.

Amma ko teku yana da iyaka, Yaya. Makon jiya na rasa inda zan ƙara kai shi, na sauke shi a Japan.

Daga nan ne abin ya fi ƙarfina. Na kasa barin baƙi su ɗauke shi, sai na ɗauka da kaina. Ina niƙa a kan dutse da hantsi, hannuna yana tafiya yana dawowa, sai in ga na shiga hoton nan ta gefen tafkin da ke cikinsa, gwadon a kaina, ƙafata ba takalmi, duwatsun hanya da sanyi kamar gindin randa.

Garin shiru ne. Ba a kiran kowa da ƙarfi. Abin da ake ji kawai takalman katako a kan dutse, da ruwa yana ɗiga daga bakin rufi, don ƙanƙarar ta fara narkewa. Ba irin tamu ba ce mai fasa ganyen dawa. Tasu taushi gare ta kamar audugar da aka shiɓe, ta ragu a gefen inuwa kaɗai, ta yi ɗan datti. Dogon ginin nan na cikin hoton yana tsaye bayan tafki da rufinsa biyar, ɗaya bisa ɗaya, kamar an jera malafa biyar. Idan na duba ruwa sai in ga wani a ciki, kansa ƙasa.

Itacen da ke bakin hanya ba shi da ganye ko ɗaya, amma ya yi fure. Ka tuna kariyar da ke tsirowa cikin duwatsun bayan gari, wadda take fure da rani a kan reshe tsirara? Haka yake, sai dai furensa ƙanana ne, fari-fari da ɗan ja. Na tsaya ƙarƙashinsa, ɗaya ya faɗo a kan gwadonka, ban kakkaɓe ba.

Barewa biyu suka taho, ba gudu, ba waige. Ɗaya ta sa hanci tana sansanar bakin zanena, numfashinta yana hayaƙi. Da na ba Inna wannan labari ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, “Kada dai Baffanku maharbi ya ji, da ƙahwa zai tahi.”

Sai matar nan mai laima, wadda ta juya baya a hoton, da ƙunshi ɗaure a bayanta. Inna ta ce goyo ne, amma ta kasa gano kan yaron. A tafiyata na sha gabanta na gaishe ta. A can ba na jin kunya, Yaya. Ba wanda ya san ni ce Tsahara mai noƙe kai. Na tambaye ta ko ta ga wani dogon baƙin mutum mai tsagar Adarawa, mai tafiya yana karkata kafaɗar hagu. Ta rusuna mini, ta nuna wata hanya mai matakalar dutse. Na hau. Na wuce gidajen katako masu ƙofar takarda, na wuce inda ake dafa shayi, na ji an buga wata babbar ƙararrawa sau ɗaya, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. A ƙarshen matakalar babu kowa. Kullum haka. Ko a cikin kaina na kasa sa ka a garin, don na san ka tafi.

Rannan Inna ta tambayi ina kake fuskanta idan za ka yi salla. Na ce bisa ga taswira kun wuce Makka da nisa, sai dai ka dubi yamma. Ta ajiye faifai ta ce, “Kul. Ɗana ba shi ba gabas baya.” A ranar ma gaskiya na faɗa, ba ta karɓa ba, sai na ƙara jin tsoron wadda ta fi ta girma.

Shekaranjiya sanyi ya dawo, irin na bankwana, wanda ya fi na tsakiyar ɗari cizo. Na fito da safe na tarar da ita a jikin bangon da rana ke fara bugawa, ta dunƙule cikin tsohon mayafin nan da ka sani, wanda ya yage har ana ganin kafaɗarta. Tarin ya sauka ƙirji yanzu, yana da wani amo. Taku goma ne tsakaninta da rumbun. Na ƙirga.

Ta ɗago ta ce, “To, ya lulluɓa?”

Na kai gwado Doso, na ƙetare teku da shi, amma wannan kalma ɗaya na kasa. Na ce sai gobe. Ta gyaɗa kai ta ce, “In shi ya ji ɗumi, ni ma na ji.”

Ba duka nake tsoro ba, ka san Inna ba ta taɓa ɗaga mana hannu ba. Abin da nake tsoro shi ne la'asar ta yi, mu zauna da wake a gabanmu, ba ta da abin tambaya. Wata huɗu ta san inda wani abu nata yake a hanyar zuwa gare ka. Idan na faɗa, ba ta da gwado a hanya, ba ta da Nara, ba ta san ko wane ruwa kake kai ba. Ni ce na gina mata garin nan, ni kuma zan fitar da ita daga ciki.

Wannan takarda ma ba ta da inda za ta. Zan ba wani soja da zai koma kudu. Duk wanda ya karanta, idan ya gamu da Illa na Karofane, kuku, ya ce masa ya aiko da sunan wurin da yake, ko da layi ɗaya ne.

Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Yaya. Allah Ya haɗa ka da masu tausayi, Ya sa inda kake akwai rana. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sanyaya zuciyarta a kaina, Ya nuna mata fuskarka da idonta. Amin.

Ka yafe mini, gwadon naka ne amma ba zan jira ka ba. Gobe da ta idar da sallar asuba zan hau rumbun in sauko da shi. Sai na lulluɓa mata tukuna, sannan in durƙusa in karanta mata hoton daga farko, da ƙarfi, har wurin jirgin.

Ƙanwarka,
Tsahara