Fitilar da Baba Ya Ɗauka Gamzaki Ne

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya ibada? Allah Ya karɓa mana, Ya sa mu ga ƙarshen watan nan lafiya. Umma ƙafarta ta yi sauƙi har tana fita sallar asham, Goggo kuwa tana nan da faɗanta, azumi bai rage mata komai ba.

Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka a waya kuka zai hana ni magana. Zancen idon Baba ne. Ka san shi da agogo ba sa shiri. Shekara arba'in yana hawa saman bene, in ya ga Gamzaki ya fito sai ya sauko ya buga mana ƙofa mu yi sahur. To daren sha huɗu ya tashe mu ƙarfe biyu saura. Muka kalli juna, aka rasa mai bakin ce masa ya yi kuskure, muka ci muka sha, muka zauna muna gyangyaɗi har awa uku kafin a kira salla. Washegari ma haka. A dare na uku na bi shi sama. Yaya, ashe maƙwabcinmu direba ne ya kafa sabuwar fitila a kan tankin ruwansa, yana kunna ta in ya dawo daga aiki. Ita Baba yake nuna mini da sandarsa yana murmushi.

Da ƙyar na kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa sau uku a rana, ya sa ranar aikin tiyata ashirin da biyar ga wata. Baba ya ce da rana ba zai ɗiga ba, don yana jin ɗacinsa a maƙogwaro. Liman ya zo har ɗaki ya yi masa bayani cewa ba ya karya azumi, Baba ya yi godiya, ya tura kwalbar ƙarƙashin matashi. Aikin ma wai sai bayan azumi, ba zai kwana a gadon asibiti cikin goman ƙarshe ba. Likita kuwa ya ce jiran nan yana iya cinye abin da ya rage. Tsoro nake ji, ba na iya barci.

Yanzu kullum tare muke hawa. Ina gaya masa inda wata ya kai, shi kuma yana gyara mini sunayen taurari yana cewa makaranta ta ɓata ni. A can ne kawai zuciyata take kwanciya. In na ɗaga kai na ga komai yana tafiya a kan tsarinsa ba gaggawa, sai in tuna Mai riƙe da su bai manta da mu ba. Amma da na taka matakalar saukowa fargabar take dawowa.

Jiya na roƙe shi har da hawaye. Ya ce in daina damuwa, sama dai ya haddace ta, ko ido a rufe yana ganinta. Sannan ya ce abu ɗaya ne bai haddace ba, fuskar 'yarka da aka haifa bara, kuma kada in gaya maka don kada ka bar aikinka.

Na saɓa masa, Allah Ya yafe mini. Maganarka kaɗai yake ji. Umma da Goggo suna gaishe ka, ka gaida Anti. Ka kira shi yau a kan aikin idon, sannan ka taho da yarinyar, ka taho da rana tsaka, don da hasken rana ne kawai yake iya rarrabe fuska.

Ƙanwarka,
Auta