Gwangwanin da ke ƙarƙashin randarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina da maganar da ban taɓa yi da ke ba kina raye. Wannan takarda a gaban matan garinmu Ruwan Godiya zan karanta ta, don haka ki yi mini haƙuri in na ɗaga zanen da kika rayu kina rufewa.

Inna, jini ya ɗauke mini, kuma abin da ya same ki ya same ni. Bushewar gaba, da zafi kamar an zuba barkono, da fitsari mai ƙuna da ba ya jiran mutum ya kai bayan ɗaki. Alwala ta daina zama a jikina. Ina cikin biya wa 'yan mata allo sai in miƙe a tsakiyar aya, in fita, in dawo, in sake fita.

A nan na gane ki. Na tuna kwanon ruwan bagaruwa da kike shiga da shi makewayi. Na tuna yadda kika bar zuwa Idi, kika ce ƙafa ce. Na tuna kina shimfiɗa buzunki nesa da mutane, kina turara zanenki har ya yi baƙi. Kullum maganarki ita ce, "Ciwon da ke ƙasan zane, a ƙasan zane ake binne shi." Kuma haka aka binne ki da shi.

Yanzu an zuba kwalta, motoci sun yi yawa, Funtuwa ta zama nan da can. Na je asibiti da sunan ciwon baya. Malamar asibitin, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba, ta tsare ni da ido har na gaji na faɗi gaskiya. Ta duba ni, ta tambayi ko ina ganin jini, ta taɓa ƙirjina ko akwai ƙullutu. Ta ce akwai wani sinadari da jikin mace ke rage yi in haila ta ɗauke, rashinsa ke busar da wurin. Likita ya rubuta mini wasu ƙwayoyi kamar ƙwallon dabino, waɗanda ake sawa a gaba in za a kwanta. Malamar ta ce in na ga jini ko ɗigo ne, in komo maza.

Kin san ni da tsoron shubuha. Ban taɓa su ba sai da na aiki matar Liman ta tambayo mini. Liman ya ce magani ne, in tsarkake jikina da asuba in yi alwalata, in azumi ya zo kuma kada in sa da rana.

Ƙwayoyin narkewa suke a zafi, mu kuwa wutar lantarki sai labari. Sai na sa su a gwangwani, na tura cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randarki, wadda na gada. Can Hajiya Tabawa, yayar marigayi maigidana, ta gan su da moɗa ta suɓuce mata. Kafin la'asar magana ta gama unguwa, wai ni Saude, da furfurarta, mijinta yana ƙasa, tana matsi. Wa take wa gyara?

Iyaye suka janye 'ya'yansu daga karatu. Allunan suna jingine a bango, ni ina zaune ina kallonsu. Wannan ya fi ciwon zafi, Inna, don karatun nan ke kika zaunar da ni a kansa. Hajiya ta aiko cewa in na zuba gwangwanin a masai a gaban idonta, za ta sa baki yaran su dawo.

Ban ɗaga murya ba, ba ki koya mini ba. Na aika mata da gaisuwa, na ce ba zan zuba ba. Ba don wani namiji nake sawa ba, kuma ko da Malam yana raye don shi nake yi, da halal ɗina ne. Don sujadata nake yi. Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, bai ce ban da ta tsofaffin mata ba. In kunya ce, na ga abin da ta yi miki: ta hana ki sahu, ta zaunar da ke bayan ƙyaure.

Ranar Asabar na share tsakar gida na shimfiɗa tabarmi duka, kamar kowa zai zo. 'Yan ƙalilan ne suka zo, har da wata tsohuwa da ba ta da allo, ta zauna a bakin ƙofa. Na yi alwala da la'asar na zauna. Muka yi ta biyawa har inuwa ta haye katanga, ladan ya kira magariba. Ban tashi ba ko sau ɗaya. Da wannan alwalar na yi sallah, sai ga hawaye, don na tuna ke rabonki da haka tun ina budurwa.

Gwangwanin yana nan ƙarƙashin randarki, amma na daina tura shi baya. Duk mai shan ruwa a ɗakina za ta gan shi, in ta tambaya in gaya mata.

Allah Ya sa zafin da kika haɗiye ya zama kaffara, Ya shayar da ke ruwan da ba ƙishi bayansa, Ya haɗa mu a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Taki har kullum,
ɗiyarki Saude.