Surukina Ya Ƙi Mutuwa a Wasanmu

Hajiya Kubra, don Allah ki taimake ni, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Ina neman hanyar da zan kashe surukina cikin ladabi. A wasan waya nake nufi, amma wallahi damuwar ta gaske ce, har wandona ya fara yi mini yawa.

Ni malamin sakandare ne a Dutsin-Ma. Bara bayan ƙaramar Salla, ni da abokina Yunana, mai aikin gwajin jini a wani asibiti nan garin, muka buɗe guruf a WhatsApp na wasan labari. Kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi. Ni nake tsara labarin, in faɗi abin da ke faruwa, kowa ya rubuto abin da jaruminsa zai yi, sai in jefa ƙwayar lido in ɗauki hotonta a ga ko ya yi nasara. Talata da Asabar muke yi, daga la'asar zuwa kiran magariba. Mun kai mu goma sha bakwai.

Mugun labarin shi ne Sarkin Gara, wanda ke shirin cinye rumbunan wani gari da na ƙirƙira. Tsarina mai sauƙi ne: wata uku ana jin ƙishin-ƙishinsa, a wata na huɗu ya bayyana, a na shida a kashe shi, kowa ya huta.

Sai matata Turai ta saka mahaifinta a guruf ɗin bisa kuskure, tana zaton na dangi ne. Ba zan kama sunansa ba. Tsohon hedimasta ne, yana zaune a Kurfi. Sati biyu bai ce uffan ba. Rannan sai ga saƙo: ya gyara mini rubutun kalma uku, sannan ya tambaya, “Wa ke riƙe da Sarkin Garar nan? Na ga ba shi da tsari.” Hajiya, ni ke riƙe da shi. Kunya ta sa na ce ai kujerar babu kowa, Baba.

Yau wata goma sha huɗu ke nan, Sarkin Gara bai ci ko zangarniya ɗaya ba.

Abin da ya fara yi shi ne ya raba muguntar zango uku, da hutu a tsakani. Zangon farko na ƙidayar rumbuna ne. Ba ya kai hari sai ya aiko da takardar sanarwa mai lamba da kwanan wata, kuma sau biyu yana ɗage harin saboda wai ba a amsa takardar a rubuce ba. Da damina ta faɗi ya ba rundunarsa hutun sati shida don yana zuwa gonarsa ta Birchi. Jarumai suka zauna bakin ganuwa da takubba suna hira.

Akwai Glory, mai shagon kitso, wadda jarumarta ke yaƙi da gatari. Ita kaɗai ya taɓa kamawa. Muka ce alhamdu lillahi, yau za a ga mugunta. Sai ya naɗa ta mai kula da tsaftar kurkuku, yana tambayar ta kullum ko ta karya kumallo. Wata biyu ke nan tana tsare. Duk ranar wasa abin da take rubutowa shi ne “na yi shara”, ta sauka.

Jawabinsa na mugunta kuwa saƙon murya ne, mafi gajarta minti goma sha tara. Yana farawa da gaisuwa, ya tambayi kowa iyali da ruwan sama, ya yi nasiha a kan zuwa aiki da wuri, sannan ya ce zai hallaka mu. Ana jin zakara a bayansa. A wani ma ana jin Inna, wato surukata, tana tambayarsa inda ya ajiye rariya, ya amsa mata, ya dawo ya ci gaba da yi mana barazana.

Ga inda laifina yake. Sau uku Kamilu, wanda jaruminsa ya fi na kowa ƙarfi, yana kutsawa har gaban Sarkin Gara, kuma sau ukun lido na ba shi shida. Na farko Baba ya rubuto cewa bai yarda ba, an shigo masa ba sallama. Na ce haka ne, a koma a yi sallama. Na biyu na ce takobin ya zame. Na uku na goge hoton lidon na ce wayata ce ta samu matsala. Kamilu ya kira ni ya ce, “Malam, ka ji tsoron Allah, na ga shidan nan da idona.”

Yanzu mun koma mu tara. Yunana ya same ni har makaranta ya ce shi ba ya son abin da zai ɓata tsakaninmu, amma in Sarkin Gara bai mutu ba nan da Asabar ta sama, zai buɗe sabon guruf ya kwashe sauran. Mutumin nan shi ya kwana biyu yana jigila da mu asibiti lokacin haihuwar 'yata. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Da na gaya wa Turai, sai ta ajiye ludayi ta ce in na kashe mata uba a gaban mutane, in nemi mai ba ni tuwo. Kuma tana da hujja. Tun da Baba ya yi ritaya ya zama shiru-shiru, sai zama gindin darbejiya, abinci ma sai an yi da gaske. Yanzu ya sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, yana dariya shi kaɗai, yana cin kwano biyu. Inna har ƙwan zabi ta aiko mini, wai na wanda ya samar wa Malam aiki.

Na gwada yi masa magana. Na hau babur har Kurfi, na durƙusa, na sunkuyar da kai na ce, “Baba, dama maganar Sarkin Gara ce.” Fuskarsa ta washe, ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan ya nuna mini tsarin shekara ta biyu, har da taron iyayen gara. Na ce Allah ya ƙara basira. Na dawo da rabin buhun gyaɗa a bayan babur.

Hajiya, ya zan yi? In na kashe shi na rasa tuwo da albarkar surukai. In na bar shi na rasa aboki da wasan da na sha wahalar ginawa.

Naki,
Surukin Sarkin Gara, Dutsin-Ma


Ɗana Surukin Sarkin Gara,

Layinka na biyu ya sa na cire tabarau na goge na sake karantawa. Tun da na gane inda ka dosa, zauna mu yi magana.

Abokan wasanka suna da gaskiya. Mugu a labari yana da lokacinsa. In ya fito da wuri aka gama da shi, ba wanda zai tuna sunansa. In ya daɗe yana cewa ga ni nan zuwa, tsoro ya kan koma hamma. Mutanen nan suna sayen data, suna ware yammacinsu biyu a mako, kuma wata goma sha huɗu ba a ba su abin da za su yi fushi a kai ba, balle abin murna. Yunana bai yi maka rashin mutunci ba. Ya zo ya faɗa maka a fuska, wasu takwas kuwa sulalewa suka yi.

Turai ma tana da gaskiya. Dattijon da ya shekara talatin ana jiran ya buga ƙararrawa, rana ɗaya aka ce ya je ya huta, ba ƙaramin abu ba ne ya sake samun inda ake sauraronsa. Amma ina ganin ku duka kun fahimce shi a baibai. Ba mutuwar Sarkin Gara yake gudu ba. Gudun a sake yi masa ritaya yake.

Mai laifi a nan kai ne, kuma ka sani. Baba bai goge hoton lido ba. Ka fara da kiran Kamilu ka ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ka roƙi Yunana sati huɗu maimakon ɗaya, ka faɗa masa ranar da za a gama, kuma ka cika.

Kada ka sake zuwa Kurfi kai kaɗai, don mun ga abin da kake dawowa da shi. Ka tafi da Turai, ku fara shiga wajen Inna. Ita ta san yadda ake gaya wa mijinta magana ya ɗauka tasa ce. Kuma kada kowa ya furta kalmar kisa. Ku ce masa ɗalibai sun daɗe suna karatu, lokacin jarrabawar ƙarshe ya yi, shi ake jira ya sa rana ya tsara tambayoyi. Ban taɓa ganin hedimastan da aka ba wannan aiki ya ƙi ba. Ka bar shi ya rubuta faɗuwarsa da hannunsa, da jawabin bankwana. Wannan kaɗai za ka ƙyale ya kai minti goma. Sauran duka minti uku, kuma ka sa dokar a kan kowa don kada ya ji da shi ake.

Kafin ranar, dole Sarkin Gara ya yi ɓarna ta gaske ko sau ɗaya. Ya cinye rumbun da jarumai suka fi ji da shi, yadda in sun tashi ramawa za su yi da zuciya ɗaya. Glory kuma a bar ta ta fasa kurkukun nan da gatarinta ranar Talatar nan. Baiwar Allah ta yi shara ta isa.

Abu mafi muhimmanci: kafin ya faɗi, ya san akwai kujerar da ke jiransa a labari na gaba. Ba ta mugu ba, tunda Allah bai yi shi da mugunta ba. Ka ba shi alƙalin gari ko mai tsaron ƙofa, inda son takarda da tsari zai zama abin dariya mai amfani, kuma inda ba sai an jira shi ba kafin labari ya motsa.

Ka gaishe mini da Turai, ka ce na ce tuwo ba ya cikin wasan. Allah ya bar zumuncinka da Yunana, ya ba Sarkin Gara mummunan ƙarshe, ya ba Baba tsawon rai da lafiya.

Taku,
Hajiya Kubra