Surukina Yana Kashe Mini Mota da Alheri

Inna Habsatu, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana ba tare da ta riga ni isa gida ba.

Ni malamar lakwal ce. Ina zaune a Harobanda, ina koyarwa a Bobiel, wato kullum sai na ƙetare gada na ratsa Yamai kaf kafin ƙarfe takwas. Shekara shida na yi ina wannan tafiya a taksi biyu. Bara Allah ya hore mini na sayi mota. Tsohuwa ce, irin waɗanda ake kawowa daga bakin teku bayan masu ita na fari sun gaji. Otomatik na zaɓa, domin tun a wurin koyon tuƙi ni da canjin giya ba mu shirya ba.

Mahaifin maigidana yana zaune tare da mu. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa taksi a garin nan. Tun da gwiwa ta ajiye shi, tabarmar ƙofar gida ta zama wurinsa, ba ya cewa komai sai amsa gaisuwa. Ranar da motar ta iso ya miƙe ba sanda, ya zagaya ta, ya ce a buɗe masa kapo, wato murfin inji. Tun daga ranar ya dawo mutum. Yana dawowa daga sallar asuba zai goge ta, ya duba ƙafafu, ya leƙa inji. Har abinci ya ƙara ci. Wallahi na ji daɗi, Inna, ban ɓoye miki ba.

Shi ya koya mini in na zo gangarar gada in maida giya kan N, motar ta sulale da kanta, in na sauka in tura ta kan D tana cikin tafiya. Ya ce gangara kyauta ce daga Allah, ba a ƙona mata esansi, wato fetur. Wata safiya kuma batir ya mutu, ya tara mazan unguwa suka tura motar daga ƙofar gida zuwa masallaci, suka dawo da ita, suka sake komawa. Ba ta tashi ba. Ya ce mazan yanzu shinkafa ta cinye musu ƙarfi.

Wata uku ke nan da ta fara ciwo. In na sa D sai ta yi shiru kamar ba da ita nake ba, can kuma ta zabura har kaina ya bugi kujera. In ta yi zafi, inji ya riƙa ihu amma tafiyar ba ta ƙaruwa. Wani lokaci ta kama giya ɗaya ta ƙi saki. Talatar da ta wuce, a hawan gada, raƙumi ɗauke da ciyawa ya wuce ni. Mai jan raƙumin har ya juyo ya yi mini sannu.

Na kai ta wurin wani makaniki, Bawa, a Talladjé. Ya ɗora sukurdireba a kan inji, ya kara kunne, ya rufe ido kamar mai sauraron wa'azi, ya ce bwat ɗin, wato akwatin giyar, ya mutu, a cire shi a saka na hannu kowa ya huta. Na je wani gareji, mai shi bai ma tashi daga kujera ba ya ce sai an sayi wani bwat, kuma cikin ikon Allah ƙanensa yana da guda a ajiye. Wata abokiyar aikina ta ce ba ƙarfe ba ne, baki ne, in nemi abin ratayawa a madubi.

Sai ranar Juma'a na leƙa ta taga na ga Baba da tsohon bidon ɗin man inji da ya rage masa tun zamanin taksi. Yana ɗura shi a ɗan bututun nan mai sanda mai jan kai, wanda Bawa ya nuna mini ya ce nan ne bakin bwat. Yana ɗurawa yana bismilla. Na gaya wa maigida. Ya ce Baba ya san mota tun ba a haife ni ba, ya hau moto ɗinsa ya tafi.

Inna, ni ban taɓa faɗin sunan wannan dattijo ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Da wane baki zan ce masa man da yake zubawa ne ke kashe motar? In na faɗa, na san zai koma tabarma, kuma ba zai sake tashi ba. In na yi shiru, motar za ta mutu a hannunsa yana yi mata addu'a. Ga direktan lakwal ya ba ni takardar neman bayani sau biyu kan latti, ya ce ta uku sama za ta wuce. Har na yi tunanin ɓoye makulli in ce ya ɓata. Me zan yi?

Taki,
Wadda raƙumi ya wuce, Harobanda


'Yata,

Na karanta wasiƙarki, kuma kafin in lallashe ki bari in yi miki faɗan da ya kamace ki. Kina koya wa 'ya'yan mutane karatu, amma shekara guda da mota ba ki taɓa zare wannan sanda mai jan kai kin karanta abin da aka rubuta a jikinta ba. Na tabbata kin san launin rigar kujerunta da ƙamshin turaren da kike fesa mata. Ni karatuna a brebe ya tsaya, wato ƙaramar sakandare, amma shekara goma sha huɗu ina tuƙa otomatik, kuma babu satin da ban duba manta da hannuna ba. Mace ta sayi abu da guminta, sannan ta zauna a taga tana leƙen yadda ake yi da shi, wannan ba kunya ba ce, sakaci ne. Ɓoye makulli kuma ƙarya ce, ki cire shi daga ranki.

To, ga motar. Na tambayi Sumana, makanikin da ke duba tawa, don kada in faɗa miki son raina. Man bwat daban, man inji daban. Na bwat ja ne, tsararo, da shi ake matse giya ana sakinta. Na inji ya fi kauri, ba a yi shi don wannan aikin ba. In kuma aka cika fiye da ƙima sai ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Shirun da take yi da zaburar da ihun injin duk suna iya fitowa daga nan. Sulalawa a kan N da jefa ta D tana gudu ki daina daga yau, kowace jefawa duka ce ga bwat, kuma esansin da ake tattalawa bai kai cokali ba. Otomatik ba ta tashi da turi, ko da 'yan kokawar ƙasar nan duka aka tara.

Ki daina hawan gada da ita har a duba ta. A kunna ta ta yi ɗumi a wuri mai daidai, a taka birki a bi da giyar kan kowane harafi, a maida ta P, a zare sandar bwat alhali inji yana aiki, a goga a farin ƙyalle. A dubi launin, a shinshina. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙonewa, an fara ɓarna a ciki. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, abin da ba zai ba ni mamaki ba ga motar da ta yi damina a Harobanda. A sauke farantin ƙasan bwat a gabanki, ki ga ko akwai garin ƙarfe, a sake filtar, a juye man a zuba irin wanda aka rubuta mata. Juyi ɗaya ba ya fitar da shi duka, sai an maimaita bayan ta ɗan yi tafiya. A kuma jona mata na'urar nan da ke karanta ciwon mota, domin wani lokaci ɗan makunnin lantarki ne ya gaji. Sai an yi wannan duka ba ta gyaru ba ake maganar buɗe bwat. Ban yi miki alkawarin za ta warke ba, wata uku ba kwana uku ba ne. Amma duk makanikin da ya yanke wa mota hukuncin kisa da kunne, ko daga kan kujera, ki gaishe shi ki wuce. Abin ratayawa a madubi kuma, ki bar wa abokiyarki ta rataya a nata.

Yanzu Baba. Kada ki kuskura ki raina shi. Duk abin da ya koya miki, a motocin da ya tuƙa ya ciyar da gida da shi, har ya yi wa mijinki lakwal. Iliminsa gaskiya ne, motar ce ba tasa ba. Kuma kin yi daidai da kika ji nauyinsa, ba bakinki ne zai faɗa masa ba. Ki durƙusa ki roƙe shi ya raka ku gareji, ki ce makanikai suna raina mace, wanda ai ba ƙarya ba ne. Ki sa makanikin ya miƙa masa sandar da ƙyallen, ya zuba masa sabon man bwat a tafin hannu ya gwada da abin da ya fito. Direban shekara talatin ba sai an yi masa bayani ba, hancinsa zai gaya masa. In ya gane, kowa ya dubi ƙasa, kada wanda ya ce uffan. A sayi galan na man da ya dace a damƙa masa, a ce daga yau awon a hannunsa yake. Mutum irin wannan aiki yake so, ba yabo ba.

Babban mai laifi a wasiƙar nan shi ne wanda kika ba layi biyu kacal. Mijinki ɗa ne, yana da bakin da zai zauna kusa da mahaifinsa ya yi magana a hankali. Ya ga abin da ke faruwa, ya bar ki tsakanin ubansa da direkta, ya tayar da moto. Irinsu sun cika gari, masu ladabin da ba ya cin musu komai sai dai ya ci wa matansu. Ki gaya masa cikin mutunci cewa motar ta tsaya, kuma daga Litinin shi zai kai ki Bobiel kafin takwas ya dawo ya tafi nasa aikin, kullum, har ranar da zai ɗauki Baba ku je gareji tare. Ban san mijinki ba, amma na haifi maza huɗu. Ba zai kai Alhamis ba.

Allah ya ba motarki lafiya, ya ƙara wa Baba ƙarfin gwiwa, ya tsare miki aikinki. Ki gaishe mini da shi da girmamawa.

Inna Habsatu