Carbi Ya Tona Ni

Lafiya, 9 ga Maris, 1988

Zuwa ga Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Jos, yaya ƙafar taki? Ina fata Sharifa da ɗanta suna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya, sai zafi da ya sako mu gaba.

Yaya, abin da kika ji gaskiya ne. Kunya ce ta hana ni rubutowa, da tsoron kada in faɗa abin ya zame. Wata na takwas ke nan. Shekara ashirin da biyu a ɗakin Malam, na riga na sallama, na ce rabona yana ga 'ya'yan mutane da nake biya wa karatu a tsakar gida. Sai ga shi Allah ya nuna ikonsa ina da arba'in da ɗaya, furfura har ta fara leƙowa.

Malam ya kafe sai asibiti. Can nake zuwa awo, in zauna a benci cikin yara sa'o'in Sharifa. Mai duba mu wata 'yar ƙabilar Tibi ce, Sista Mnena, gajeruwa mai faɗa, ko da mace take magana "kai" take cewa. Ta gargaɗe ni, wai da shekaruna, da na ji ciwo ko na ga ruwa in taho, kada in tsaya komai. Na ce to. Amma kin san tarbiyyar Iya, mace ba ta raki a naƙuda. Haihuwa nawa na zauna a kai a unguwar nan, ina ba da rubutu ina cewa a cije? Ko Sharifarki da ta cika gida da ihu, ni na tsawata mata na ce ta ba mu kunya. To ga shi layi ya zo kaina, ba daga gare ni za a fara jin raki ba.

Ki sa ni a addu'a. Malam yana gaishe ku.

Ƙanwarki,
Batulu

Lafiya, 16 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa na gida, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Albishirinki, na sauka ranar Laraba da la'asar. Mace ce, tana lafiya, ni ma haka. Malam zai aiko da goro ta hannun Na'Allah direba, amma labarin na fi so ki ji shi daga gare ni, don akwai laifina a ciki.

Ciwon ya fara tun Talata da hantsi, ban gaya wa kowa ba. Na biya wa yara karatu, na daka wa Malam sakwara. Laraba da safe ruwa ya fashe, na sake zane na ci gaba da shara. Sai da Malam ya dawo daga sallar azahar ya tarar da ni rungume da turmi na kasa saki, sannan ya nemo tasi.

A asibiti mata uku ne a gabana, ga Sista Mnena daga ita sai mai taya ta. Ta tambaye ni yaya ciwo, na ce da sauƙi. Ta ce tun yaushe, na ce bai daɗe ba. Ƙarya na yi, Yaya, Allah ya yafe mini, a lokacin gani nake kunya ce. Sai ta ba ni gadon ƙarshe ta ce in jira, ta koma kan wata yarinya Ngunan daga Agyaragu, wadda ke ta ƙwala wa mijinta Terhemba kira tana zaginsa da Tibi da Hausa, wai in ta tashi sai ta fasa masa kai da doyar gonarsa. A raina na ce wannan ba ta samu tarbiyya ba. Na ciro carbina.

Carbin nan shi ya tona ni. Ashe Sista tana can tana aiki, idonta yana kan hannuna. Ta lura ina cikin ja sai yatsuna su tsaya cak, jim kaɗan in ci gaba, ita kuwa tana duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Sai ganinta na yi a kaina. Ta ɗora wani ƙarfe mai kama da mazurari a cikina ta kara kunne, ta daɗe. Ta duba zanena ta ga ruwan ya yi kore. Ta ce, "Mama, kai ka ce da sauƙi? Yaron nan ya gaji, zuciyansa yana tafiya kaɗan-kaɗan." Likita yana ɗakin tiyata, babu lokacin jiransa.

Ta ce in yi nishi. Na yi, amma haƙorana a datse, rabin ƙarfina yana ƙarewa wajen riƙe murya. Sai matar nan mai faɗa ta sunkuyo daf da kunnena ta yi magana a hankali, kamar Iya. Ta ce shirun nan wa nake yi wa, nan babu suruka babu maƙwabta. Ta ce ita ba a jikina take ba, in ban buɗe baki ba, ba za ta san lokacin da ciwon ya taso ta taimake ni ba. Ngunan ma ta ɗago kai daga gadonta ta ce, "Mama yi ihu! In ba ki da wanda za ki zaga, ga Terhemba na ba ki aro."

Yaya, na yi. Na kira sunan Allah da wata murya da ban san ina da ita ba, na kira Iya da ke kabari shekara tara. A yunƙuri na huɗu jaririyar ta fito.

Sai ɗakin ya yi tsit. Cibiya ta naɗe mata wuya, jikinta ya yi toka-toka, ba motsi. Shirun nan da na daɗe ina yabo, ranar na ji shi a bakin abin da na haifa, kuma ban taɓa jin abu mai muni kamarsa ba. Sista ko kallona ba ta yi ba. Ta warware cibiyar da yatsa biyu, ta sa wata 'yar roba ta zuƙe abin da ya toshe mata hanci da baki, ta riƙa murza bayanta da tawul, tana hura mata iska, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Na ɗauko Ƙulhuwallahu na kasa kai ta ƙarshe, ni da nake biya wa yara. Can sai wani ɗan tari. Sai kuka.

Daga baya Sista ta ce da na ƙara awa ɗaya a gadon nan ina jan carbi, da wani labarin ake yi. Ba da gori ta faɗa ba, tana wanke hannu ne, ta wuce kan Ngunan, wadda ta haifi namiji kafin magariba. Ko ruwa ban ga ta sha ba. Na ga ungozomomi da yawa, ban taɓa ganin mai karanta ciwon mutum a yatsunsa ba. Addininmu ba ɗaya ba, amma ba na sallame salla ban roƙa mata alheri ba.

Suna ranar Laraba ne, zai faɗo cikin azumi. Ki zo in ƙafa ta bari. Na san ba a kallon ɗan fari a gaban mutane, ina ƙoƙari, amma idona ba ya jin magana.

Saƙona na ƙarshe na Sharifa ne. Ki karanta mata takardar nan duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya, ki ce Inna Batulu tana roƙonta gafara. Malam ya ce yana zaune gindin mangwaro a ƙofar asibiti, mai sayar da lemo ta tambaye shi wace ce wannan mai murya haka. Ya ce mata matarsa ce, kuma bai ji kunya ba. Ni ma ban ji ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Batulu