Dosiyen Ramla na Biyu

Dakoro, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana, Baban Yazidu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya mutanen Difa? Mu nan lafiya lau muke, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa.

Na zaɓi takarda ne don a waya kai kaɗai kake magana, ni ina bin ka da to. Ka riga ka ji cewa sunan ɗiyarka bai fito a jerin makarantar likita ba. Ramla nake nufi. Na rubuta sunan sau ɗaya don takarda ce, kada ka saba, ka san bakina ba ya ɗaukar sunan 'yar fari. Makin bak ɗinta, jarrabawar gama sakandare, ba laifi. A hirar baki aka kayar da ita. An tambaye ta abin da ta taɓa gani na ciwo da masu ciwo, sai ta zuba musu faransancin da ta haddace, suka yi mata godiya suka kira na gaba.

Ka ce shekara ɗaya ka ba ta, in ba ta samu ba ta shiga makarantar malamai kamar yadda na shiga. Ban yi maka musu ba, amma raina bai so ba. Yanzu magana ita ce me za a yi da shekarar. Mushe Mamani, malaminta na lise inda ta yi bak ɗin, ya ce ta zauna ta sake bitar karatu. Ƙanenka Idrisa kuma yana da aboki mai kilinik a Maradi, wanda zai ba da takardar shaidar ta yi musu aikin shekara guda, da tambari da sa hannu, ba sai ta taka ƙofar ba. Ba zan ɓoye maka ba, ni na roƙi Idrisa ya nemo.

Ita kuwa ɗiyar taka ta ce arewa za ta. Akwai wani ƙaramin gidan likita a kan hanyar Azagor, majon wurin, wato babban ma'aikacin jinya, yana neman mai taya shi. Ba lantarki, ruwa sai na rijiya. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ta saurare ni kai a sunkuye, washegari na iske ta tana wanke kayan tafiya. Wannan taurin kai dai ka san ba daga wajena ta ɗauko shi ba.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Matarka,
Adawiyya

Dakoro, 21 ga Yuni

Baban Yazidu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya zafi, ya jiran ruwa? Nan an yi na farko, an fara shuka a wajen Ɗan Gulbi. Yazidu yana gaishe ka.

Ɗiyarka ta dawo bayan wata shida, ta rame, amma idonta ya buɗe. Ba ita ta ba ni labarin da zan ba ka ba. Majo Zakariya'u ne da kansa, wanda ta yi wa aiki, ya biyo ta gida da ya zo Dakoro ɗaukar magani.

Wata rana wata matashiyar Bafulatana ta kawo ɗiyarta 'yar shekara biyu, yarinyar tana amai tana zubar da yawu, surukarta na biye da ita. Majo ya tambayi uwar yaushe ciwon ya fara, me yarinyar ta ci. Ta kau da kai. Ya sake tambaya, ta ƙura wa bango ido. Shi yaron birni ne, ga layi a waje, sai ransa ya ɓaci, ya ɗauka ba ta damu da ɗiyar ba, ya fara shirin maganin zazzaɓin sauro. Ɗiyarka ce ta gane yarinyar 'yar fari ce, kuma a gaban suruka. Ta lallaba tsohuwar ta fitar da ita inuwa ta ba ta ruwa. Ta dawo ta zauna gefen uwar ba tare da ta dube ta ba, ta yi tambayar kamar ɗiyar maƙwabta ake zance. Nan take bakin ya buɗe. Ashe yarinyar ta sha maganin da ake fesa wa shanu ne don kaska, uwar ta gani tun safe, kunya ta hana ta faɗa. Aka canja magani, aka turo su Dakoro da gaggawa. Yarinyar ta rayu.

Majo ya ce ya tambayi ɗiyarka yadda aka yi ta gane. Ta ce masa a gaban irin wannan shirun ta girma, ta san mai shirun ta fi kowa sanin abin da ke damun ɗan. Baban Yazidu, da ya faɗi haka na tashi na shiga madafa kamar zan duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Sai maganar dosiye, takardun sake neman shiga makarantar. Takardar Idrisa ta iso tun watan jiya, an buga ta da na'ura, shekara guda cif, tambari har biyu. Ta majo kuwa rubutun hannu ne, layi shida, wata shida. Na ajiye mata su biyun a kan tabarma, na ce ta yi tunani, dama ɗaya ta rage mata. Ta ɗauki ta Idrisa ta karanta, ta ce in aka tambaye ta launin ƙofar kilinik ɗin me za ta ce. Ta miƙo mini ita da hannu biyu, da ladabi, ta saka ta majo a dosiye. Shekara ashirin da biyu ina koya wa 'ya'yan mutane kada su yi satar amsa, yau ga tawa ta koya mini. Na ji kunya, na kuma ji wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba.

Yanzu kullum da safe tana wajen Mushe Mamani ana bita. Ina tsoro, ba zan ce ba na yi ba. Layi shida ba su da yawa.

Ka sa ta a addu'a. Inna tana gaishe ka.

Taka,
Adawiyya

Dakoro, 4 ga Nuwamba

Baban Yazidu,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da duk wanda ke tare da kai.

Na san an riga ni a waya, amma sai ka ji daga hannuna. Sunan ya fito. Ba na farko ba ne, ba kuma na ƙarshe ba, yana nan a tsakiya inda ba mai ture shi. Ta gaya wa Inna, Inna ta gaya mini, cewa a hirar baki wani tsohon lokotoro cikin likitocin da ke tambaya ya ɗaga takardar majo ya tambaye ta mene ne wannan zancen yarinyar Fulani da ke ciki. Ta manta da haddar faransanci ta ba su labarin yadda ya faru. An ce minti goma ake ba kowa, ita sai da ta yi rabin awa.

Ina lakwal wajen koyarwa labarin ya same ni, lokacin hutun ƙarfe goma. Malamai mata suka ɗauki guɗa, darakta ya fito yana tambayar ko aure aka ɗaura. Ni kuwa ka san ba a yi wa ta fari murna a idon mutane. Na ce to madalla, na ja kayen yara, littattafan aikinsu, na ci gaba da gyara. Suka yi ta zolayata wai zuciyata dutse ce. Sai da aka koma aji na duba, na ga yara tara a jere na ba su goma bisa goma, ban karanta ko layi ɗaya ba. Har da wanda bai rubuta komai ba sai kwanan wata. Na bar musu.

Da na koma gida na iske ta tana tankaɗe. Ta ce mini sannu da zuwa, na ce yawwa, na ce gishiri ya ƙare. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Don Allah ka nemi izini ka zo kafin ta tafi. Akwai maganar da nake so a faɗa mata a gabana, da ƙarfi, da sunanta. Kai za ka faɗa, ni zan juya baya ina jin ku.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Adawiyya